Amanar da Ke Wuyan Injiniya: Sharhi Daga Kwamba

Wanda ya san Suleja shekara talatin da suka wuce, in ya zaga unguwar Kwamba a yau zai ga yadda gari ya cika ya tumbatsa. Gonaki sun zama unguwanni, gidajen ƙasa sun koma na bulo, na bulon kuma ana ta ɗora musu bene. Dalilin a fili yake. Tun da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, har garin ya bar wa birnin sunansa na Abuja ya koma Suleja, nan ne masaukin ma'aikatan farko da suka fara aikin. Da gwamnati ta tare a Disamban 1991, sannan aka yi rushe-rushen Abuja tsakanin 2003 da 2007, sai mutanen da kuɗin hayar birni ya fi ƙarfinsu suka yi ta kwararowa, suna kwana a Suleja suna wuni a Abuja. Duk inda ake neman ɗaki ido rufe, gini yakan zama kasuwa, kasuwa kuwa gaggawa take so.

A cikin wannan gaggawa akwai tambayar da ɗan haya ba ya yi, domin ba shi da hanyar samun amsarta. In ya kama ɗaki a ƙasan bene, zai duba fenti da tayil da famfo, ya tambayi yadda wuta take a layin. Amma rodi nawa ne a cikin ginshiƙin da ke ɗauke da dakin ɗin da ke bisa kan 'ya'yansa? Zurfin harsashin nawa ne? Kankaren ya sha ruwa yadda ya kamata? Duk wannan an rufe shi da filasta tun kafin ya zo. Mutum ɗaya aka tanada ya san amsar a madadinsa, shi ne injiniya. Abin da nake son mu fahimta a wannan sharhi shi ne, sa hannun injiniya shaida ce da yake bayarwa domin mutanen da ba su ɗauke shi aiki ba, ba su biya shi ba, galibi ma ba za su taɓa sanin sunansa ba. Daga nan duk sauran ladubban sana'ar suka tsiro.

Wane ne injiniya a idon doka

A bakin jama'a kowa injiniya ne. Mai gyaran janareto injiniya, mai ɗaura wayar wuta injiniya, birkilan da ya daɗe a aiki shi ma injiniya. Girmamawa ce, kuma waɗannan bayin Allah suna da gwanintar da ta cancanci yabo. Doka dai tana da nata ma'auni. A 1970 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar COREN da doka mai lamba 55, aka yi wa dokar gyara a 1992, aka sake faɗaɗa ikon hukumar da gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019. Ita ke tantance kwasa-kwasan injiniyanci, ita ke yi wa ƙwararru rajista, tun daga cikakken injiniya har zuwa masu fasaha da masu aikin hannu, kowa a matakinsa. Digiri kaɗai ba ya wadatarwa. Sai mutum ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin na gaba da shi, an gwada shi, sannan a ba shi lamba da hatimi, ya riƙa sabunta lasisinsa. Laifi ne wanda ba shi da rajista ya yi aiki da sunan injiniya, kuma hukumar tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da za ta iya soke rajistar wanda ya ci amanar aikinsa. A gefe guda akwai Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1958, mai kula da mutuncin sana'ar tsakanin 'ya'yanta. Masu zanen gine-gine da ƙwararrun magina su ma kowa da hukumarsa, kuma ƙasar tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006.

Ke nan ba rashin doka ke damunmu ba. Lasisi yarjejeniya ce tsakanin al'umma da ƙwararre: an keɓe maka wannan aiki, an hana wasu, bisa sharaɗin za ka fifita lafiyar jama'a a kan aljihunka da na wanda ya ɗauke ka. Wanda ya karɓi gatan ya yi watsi da sharaɗin ya ci haƙƙin mutane, ko da gini bai faɗi ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. A ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Magina, wanda ke tsaye a kan ingancin aikin magina a gari, kuma ba a kiran mutum gwani sai aikinsa ya shaide shi. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau da aikinsa ake tuna shi, kuma mutanen Suleja, da yake sarautarsu daga Zazzau ta taso, wannan tarihi nasu ne. A fiƙihun Malikiyya da aka karantar a zaurukanmu, mai sana'a yana lamunce abin da aka damƙa masa in ya lalace a hannunsa. Can baya ma, kusan shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, dokokin Hammurabi na Babila sun yanke wa magini hukuncin kisa in gidan da ya gina ya faɗi ya kashe mai gida. Ko'ina ɗan Adam ya gane cewa wanda ya ɗora nauyi a kan mutane, shi ma akwai nauyi a kansa.

Haƙƙoƙin da ke kansa

Na farko shi ne tsare rai, kuma a wurin aiki ake gane mai tsare shi. Kankare ba ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi sai ya kwana 28, shi ya sa ake ɗibar samfuri a zuba a ƙananan akwatuna, a kai ɗakin gwaji a matse su a kwana 7 da kwana 28. Yana bukatar a riƙa shayar da shi ruwa a kwanakin farko. In an cika ruwa a kwaɓi don ya yi sauƙin zubawa, ƙarfinsa ya ragu. In yashi ya haɗu da laka, ya ragu. In an ƙara kwanon sarki biyu na yashi a kan kowane buhun siminti don a yi tsimi, ya ragu. In rodi ya matso bakin kankare ba shi da isasshen rufi, damina kaɗan zai yi tsatsa ya kumbura ya fasa ginshiƙi daga ciki. In an cire katako da gorar da ke tokare da dakin kafin lokaci don a kai su wani aiki, an karya shi tun yana ɗanye. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ido zai gani ranar tarewa. Injiniyan da ya san aikinsa yana zuwa ya ƙirga rodi da kansa kafin a zuba, domin bayan an zuba magana ta ƙare.

A nan ne ake jin maganar da kowane injiniya a ƙasar nan ya saba ji: "Injiniya, a rage rodin nan mana. Ai maƙwabcina bai sa haka ba, ga gidansa nan a tsaye." Amsar mai amana ita ce: "Alhaji, in kuɗin bai kai ba, mu tsaya a hawa ɗaya mu yi shi da kyau. Amma rodin da lissafi ya bayar, ba zan sa hannu a rage shi ba." Tsayuwar gidan maƙwabci ba hujja ba ce. Ƙasar da ke ƙarƙashin fili biyu na iya bambanta, musamman a gari irin Suleja mai tuddai da duwatsu da kwazazzabai, inda wani ya yi gini a kan falalen dutse, na kusa da shi kuma a kan cikon shara. Gwajin ƙasa kafin a haƙa harsashin bene shi ke raba gardama.

Na biyu shi ne mutum ya tsaya a iyakar saninsa. Injiniyanci fage ne mai faɗi. Wanda ya karanta lantarki ba shi da hurumin lissafin ginshiƙin bene, wanda ya ƙware a hanya ba lallai ya iya madatsar ruwa ba. Faɗin "wannan ba fannina ba ne, bari in haɗa ka da wane" ba ya rage wa ƙwararre daraja. Abin da ke zubar da daraja shi ne a karɓi aiki saboda kuɗinsa, a je ana lalube da rayukan mutane.

Na uku shi ne gaskiyar hatimi, kuma a ganina nan ne cutar ta fi tsanani. Akan kawo wa injiniya zanen da wani ya yi, bai yi lissafinsa ba, bai taka filin ba, a ba shi ɗan abin da aka ba shi ya buga hatimi don takarda ta wuce a ofishin ba da izinin gini. Mai yin haka yakan ce a ransa ai takarda ce kawai. Alhali ita wannan takarda ce ta sa jami'i ya amince, mai gida ya saki jiki, ɗan haya ya shigo da iyalinsa. Shaidar zur ce da aka yi da tawada. Haka nan wanda ya sa hannu cewa an kammala kwalbati ko ajin makaranta bisa ƙa'ida don a biya ɗan kwangila, alhali ya san an ha'inci aikin.

Na huɗu shi ne nisantar cin tudu biyu. Injiniyan da aka sa ya duba aikin ɗan kwangila, in yana karɓar na goro daga hannunsa, ko yana da kaso a kamfanin, ko shi ke sayar masa da rodi a ɓoye, idonsa ya riga ya rufe. Ƙa'idar sana'a ita ce ya bayyana duk wata alaƙa irin wannan tun farko, ko ya janye.

Na biyar, wanda ya fi kowanne ɗaci, shi ne fallasa kuskuren kai. A 1907 gadar Kwibek da ake ginawa a Kanada ta rufta ta kashe ma'aikata 75. Bincike ya gano an ƙara tsawon gadar ba a sake lissafin nauyinta yadda ya kamata ba, kuma da aka ga ƙarafa sun fara lanƙwasa ba a tsayar da aiki a kan lokaci ba. Tun 1925 injiniyoyin ƙasar ke sanya zoben ƙarfe a ƙaramin yatsan hannun da suke aiki da shi, don tuna nauyin da ke kansu. A 1978 kuma, injiniya William LeMessurier ya sake bin lissafin wani bene mai hawa 59 da ya tsara a birnin New York, bayan tambayar da ta fito daga wajen ɗalibi. Ya gano an ɗaure mahaɗan ƙarafan da kusoshi maimakon walda, kuma iska mai ƙarfi in ta bugo ta kusurwa za ta iya kayar da ginin. An riga an tare, ba wanda ya sani. Ya je da ƙafarsa ya faɗa wa masu ginin, aka yi ta walda da daddare har aka gyara. Ya sa sunansa da dukiyarsa a haɗari, ya tsirar da dubban mutane.

Darasin Ikoyi, da tambayar da ya bari

Ba sai mun je nesa ba. Ranar 1 ga Nuwamban 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka mutu, har da mai ginin. Bayan haka wata wasiƙa ta fito fili, wadda kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta tun Fabrairun 2020. A ciki sun sanar da janyewarsu, suka ce ba za su ɗauki alhakin abin da aka yi bayan hawa na huɗu ba, kuma ba a ba su sakamakon gwajin kankare ba. Sun ƙi sayar da sa hannunsu, wannan abin yabo ne. Amma an ci gaba da gini wajen wata ashirin bayan tafiyarsu, leburori suna hawa suna sauka.

Tambayar da ta rage ita ce, janyewa ta wadatar? Wasu za su ce injiniya yana da haƙƙin riƙe sirrin wanda ya ɗauke shi aiki, kuma haka ne, a kan abin da ya shafi kuɗinsa da tsare-tsarensa. Sai dai sirri yana da iyaka, iyakarsa kuwa rai. Ra'ayina shi ne, duk injiniyan da ya bar aiki saboda yana tsoron gini zai kashe mutane, wajibi ne ya sanar da hukumar da ke da ikon tsayar da aikin, a rubuce. Ita kuma hukuma wajibi ne ta saurare shi, ta kuma kare shi daga ramuwar masu ƙarfi. Wanke hannu yana kuɓutar da mutum ɗaya, sanarwa kuwa tana iya kuɓutar da kowa.

Jerin bai tsaya a Ikoyi ba. Masaukin baƙi na cocin Synagogue a Legas ya rufta a Satumban 2014 ya kashe mutum 116, binciken kotu ya nuna ba a sami izinin ginin ba, aka gurfanar da injiniyoyi biyu. A Agustan 2022 bene ya rufta a titin Beirut da ke Kano. A Yulin 2024 makarantar Saints Academy ta faɗo a kan ɗalibai a Jos, aka rasa rai 22. Mun yi imani da ƙaddara, kuma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya hana mu algus da tauye mudu. Siminti da rodi ma mudu ne.

Ruwa, magudana da tsofaffin gine-gine

Aikin injiniya bai ƙare a bene ba. Mutanen Suleja ba su manta da ambaliyar Yulin 2017 ba, wadda ta ci rayuka ta rusa gidaje bayan ruwan sama mai ƙarfi. Gari mai gangare, da kogin Iku da ƙananan rafuka suka ratsa, kowane fili da aka shafe da siminti yana ƙara yawan ruwan da zai gangaro kan na ƙasa. Kwalbatin da aka yi daidai da unguwa mai gida ɗari ba zai ɗauki ruwan gida dubu ba. Injiniyan da aka kira ya tsara gida a bakin rafi, haƙƙinsa ne ya ce wurin hanyar ruwa ce, ko da mai filin yana riƙe da takarda. Wanda ke aikin gwamnati kuma haƙƙinsa ne ya yi lissafin magudana bisa ruwan da ake samu da girman da gari zai yi, ba bisa abin da ya rage a kasafi ba.

A Afrilun 2024 ruwan sama ya kayar da wani sashe na katangar gidan gyaran hali na Suleja, tsohon gini na zamanin Turawa, fursunoni fiye da 100 suka tsere. A Satumban shekarar madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Gini yana tsufa, yana kuma nuna alama kafin ya faɗi. Duba tsofaffin gine-gine da rubuta rahoton gaskiya a kansu, ko da rahoton ba zai yi wa na sama daɗi ba, yana cikin amanar sana'ar. Rigakafi ya fi magani.

Nauyin da ke kan sauran jama'a

Adalci ne a faɗi halin da injiniya ke ciki. Matashi ya gama Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Bida, ya sha wuya kafin ya sami aiki, ga iyali, ga tsadar rayuwa. Ya san in ya ce a'a, gobe za a kawo wanda zai ce to. Farashin siminti da rodi ya yi tashin gwauron zabo, mai gida yana gini da guminsa, bulo ɗari yau, hamsin wata mai zuwa. Da yawan gidajen unguwanninmu ma babu injiniyan da ya taɓa leƙa su, domin ana ganin kuɗinsa asara ce. Wannan duk gaskiya ne, amma bai sauke nauyin ba. Abin da yake nunawa shi ne, in muna son injiniya ya iya cewa a'a, sai mun sa a'a ɗin ta daina zama hanyar yunwa.

Mai gini shi ne na farko. Kafin ya ɗora bene ya nemi mai rajista, ya tambayi lambarsa ta COREN ya tabbatar, ya biya shi har da zuwa duba aiki a kowane mataki: harsashi, ginshiƙai, dakin. Ladan ƙwararre kaɗan ne in an gwada da kuɗin ginin, araha kuwa ba ta ado. Wanda ya gina harsashin hawa ɗaya kada ya ƙara hawa sai an sake lissafi. Hukumar raya birane ta Jihar Neja da ƙaramar hukuma su riƙa bin gini bayan ba da izini, su sauƙaƙa hanyar samun izinin yadda talaka ba zai guje ta ba, su kuma tanadi zanen ƙananan gidaje da aka tantance wanda mai ƙaramin ƙarfi zai samu da arha. COREN ta riƙa bayyana sunayen waɗanda ta ladabtar da dalilin hukuncin, domin hukuncin da ba a ji ba ba ya tsoratar da kowa. Masu unguwanni da limamai, waɗanda ke shaida cinikin fili, suna da bakin da za su ce kada a toshe hanyar ruwa. Manyan injiniyoyi kuma su ja ƙanana a jiki, su girmama birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi, su bayyana musu dalilin kowace ƙa'ida, domin da hannunsu lissafi ke zama gini.

Ga matashin injiniyan da ke fara aiki a Kwamba ko Madalla ko Minna, ranar gwaji za ta zo, kuma ba za ta zo da hayaniya ba. Wani mutumin kirki ne zai roƙe ka ka rage kaɗan, ko ka sa hannu a abin da ba ka gani ba. Ka yanke hukunci tun yanzu, kafin ranar, cewa hatiminka ba ya sauka sai a kan abin da ka lissafa ka kuma duba da idonka. Za ka rasa wasu ayyuka, wannan babu shakka. Amma al'umma ta ba ka lasisi ne domin a sami mutum ɗaya a wurin gini da kuɗi ba zai juya shi ba. In ka zama shi, ka ci halalinka, mutane sun zauna lafiya a ƙarƙashin aikinka, kuma ka sauke abin da za a tambaye ka a kansa gobe ƙiyama.